Shimfiɗar Cikin Jijiya: Inda Kumburi Yake Farawa

Duk wanda maruru ya taɓa fito masa ya san yadda wurin yake yi: ya yi ja, ya kumbura, ya ɗauki zafi, ga ciwo. Wani marubucin Rumawa mai suna Celsus ya lissafa waɗannan alamomi huɗu tun a ƙarni na farko miladiyya, har yau kuma su ake koya wa ɗaliban kiwon lafiya. Abin da ido ba ya gani shi ne daga jijiyoyin jini abin yake tasowa. Jan da zafin, jijiyoyi ne suka buɗe jini ya ƙaru a wurin. Kumburin kuwa ruwa ne ya tsiyaye ta bangon jijiya ya taru a cikin nama.

Kowace jijiyar jini, daga babbar da take fita daga zuciya har zuwa 'yan sirara waɗanda jajayen ƙwayoyin jini suke bi ɗaya bayan ɗaya, tana da wata shimfiɗa a ciki mai kaurin ƙwayar halitta guda tak. Likitoci suna kiranta endoteliyom. An daɗe ana ɗaukarta a matsayin santsi kawai, don jini ya wuce ba tangarɗa. A 1980 wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Robert Furchgott, ya nuna cewa idan aka goge wannan shimfiɗa, jijiya ba ta sakin jiki yadda ta saba. Daga baya aka gane cewa wata iska ce take fitarwa, naitirik oksaid, wadda take sa jijiya ta buɗe, ta kuma hana jini daskarewa a bango. Wannan aiki ne ya sa Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad suka sami kyautar Nobel a 1998.

To, ga inda maganar mannewa take shigowa. Fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta, a cikin jini suke yawo, amma ƙwayar cutar da ta shiga ta rauni tana can cikin nama. Dole su fita daga jijiya, kuma a daidai wurin da ake buƙatarsu. Yaya za su tsaya alhali jini yana tafe da su? Kamar mutum ne a kogi mai gudu yana son hawa gaɓa: ya kama ciyawar bakin ruwa ta kuɓuce, ya sake kamawa, gudunsa yana raguwa, har ya sami abin da zai riƙe da ƙarfi. Idan nama ya ji rauni, shimfiɗar jijiyar da take kusa tana fito da wasu sinadarai masu ɗan danƙo da ake kira selektin. Farar ƙwaya ta kama ta saki, ta kama ta saki, tana mirginawa a jikin bango. Sai saƙon da naman ya aiko ya tayar da wasu maɗaurai da suke jikinta, integirin, ta manne daram. Daga nan ta miƙe ta kutsa tsakanin ƙwayoyin shimfiɗar ta fita. Wani likitan Jamus, Julius Cohnheim, ya kalli wannan da madubin likita a jikin kwaɗo tun a shekarun 1860, da daɗewa kafin a san sunayen sinadaran.

Kada wani ya ɗauka wannan danƙo cuta ne. Akwai jariran da ake haifa, ba su da yawa, waɗanda integirin ɗinsu ba ya aiki. Cibiyarsu ba ta faɗuwa da wuri, cuta tana yawan kama su, rauninsu ba ya yin mugunya, alhali idan aka auna jininsu sai a tarar da fararen ƙwayoyi fal. Suna nan, hanyar fita ce babu. Mugunyar da muke ƙyama, mafi yawanta gawarwakin waɗannan mayaƙa ne da suka isa fagen.

Matsala tana zuwa ne idan mannewar ta faru a inda bai kamata ba, ko ta ƙi tsayawa. Kuma cututtukan da jama'a suke ɗauka babu abin da ya haɗa su, a nan suke haɗuwa.

Ɗauki sikila. Mutane da yawa sun san ƙwayar jini tana lanƙwashewa kamar lauje ta toshe hanya. Gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Tun 1980 bincike ya nuna jajayen ƙwayoyin mai sikila suna manne wa shimfiɗar jijiya fiye da na sauran mutane, fararen ƙwayoyi ma suna mannewa su ƙara cunkoso. Zazzaɓi, ko sanyi, ko ƙarancin ruwa a jiki sukan tayar da ciwon. Shi ya sa kuma nake yawan cewa iyaye kada su jira zazzaɓin mai sikila ya kwana a gida. Maganin haidiroksiyuriya yana rage yawan tashin ciwon, kuma rage wannan danƙo yana cikin hanyoyin da yake aiki. An ma yi wata allura ta musamman don toshe selektin, wadda Amurka ta amince da ita a 2019, amma a 2023 Tarayyar Turai ta janye izininta bayan wani babban gwaji bai nuna ta fi allurar da babu magani a ciki ba. Ina kawo wannan ne don a san gane yadda cuta take aiki daban, samun maganinta daban, sai an gwada.

Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ma haka. Ƙwayar cutar da take kawo shi, falsifarum, tana shiga jan ƙwayar jini ta sa mata wani danƙo a baya, sai ta manne a ƙananan jijiyoyi don kada jini ya kai ta saifa a halaka ta. Idan abin ya taru a ƙwaƙwalwa, yaro ya shiga jijjiga ko ya fita hayyacinsa. Wani lokaci gwajin jini yakan nuna ƙwayoyi kaɗan alhali yaron yana cikin mawuyacin hali, domin da yawansu suna manne a ciki. Wannan ba na shan ƙwaya a gida ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya allurar atesunet ta ce a yi, kuma a asibiti.

Wanda ya fi kowanne yin aikinsa a ɓoye shi ne toshewar jijiyoyin zuciya da na ƙwaƙwalwa. Hawan jini yana dukan shimfiɗar dare da rana. Suga mai yawa da hayaƙin taba suna rage naitirik oksaid. Sai kitsen kolestarol ya samu ya shige ƙarƙashinta, ita kuma ta ɗauka rauni ne, ta fito da danƙo ta kira fararen ƙwayoyi. Su shiga su haɗiye kitsen, su kumbura, su mutu a wurin, wasu su biyo baya. Shekara da shekaru ana haka, sau da yawa tun daga ƙuruciya, ba ciwo ba zazzaɓi. Ranar da tarin ya fashe jini ya daskare a kansa, ranar ce ake cewa wane ya yanke jiki ya faɗi, ko ɓarin jikinsa ya shanye, lafiyarsa ƙalau jiya.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada a jira alama. A riƙa auna hawan jini ko da ba a jin komai. Idan yana kai 140 bisa 90 ko sama da haka a kai a kai, a ga likita, wanda aka ɗora kan magani kuma kada ya daina don ya ji sauƙi. A auna suga. Tafiyar sassarfa ta minti 150 a mako tana da amfani kai tsaye, domin gudun jini a kan shimfiɗar shi yake sa ta ƙara fitar da naitirik oksaid. Mai shan taba da ya daina, cikin shekara guda ƙarin haɗarin ciwon zuciyarsa yakan ragu da kusan rabi. Wani abin da ba na so shi ne shan magungunan kumburi irin su diklofenak da ibufurofen wata da watanni ba da sanin likita ba: suna iya tayar da hawan jini, su taɓa ƙoda, su jawo gyambon ciki, kuma ba su gyara bangon jijiya. Haka duk wani haɗi da aka ce yana wanke jijiyoyi. Abin da ya taru yana cikin naman bangon ne, babu abin sha da zai ɗauraye shi.

Mai juna biyu da cikinta ya wuce mako 20, idan ta ji ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ta je a auna ta a ranar. Wannan ciwo na hawan jinin masu ciki shi ma shimfiɗar jijiya yake taɓawa, yana iya kaiwa ga jijjiga.

Mafi gaggawa shi ne lokacin da cuta ta bazu, shimfiɗar jiki gaba ɗaya ta tashi lokaci guda. Ɗinkin da yake tsakanin ƙwayoyinta ya saki, ruwa ya tsiyaye ko'ina, jini ya yi ƙasa, ƙoda da huhu su fara gazawa. Likitoci suna ce masa sefsis, kuma an ƙiyasta ya kashe mutum kimanin miliyan 11 a duniya a 2017. Yana iya farawa daga rauni, ko ciwon huhu, ko ciwon mafitsara, ko bayan haihuwa. Idan mara lafiya ya fara sambatu ko barcin da ake shan wahalar tashinsa, numfashinsa yana sauri, hannu da ƙafa sun yi sanyi, fitsari ya ɗauke, ko jariri ya ƙi kama nono, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, a kuma gaya wa ma'aikata lokacin da alamomin suka fara da duk maganin da aka riga aka ba shi.