"Ai Ban Bugu Ba": Maganar Da Ke Cika Mana Ɗakin Gaggawa

Duk ƙarshen mako, daga tsakar dare zuwa asuba, raunuka iri ɗaya ake kawowa ɗakin gaggawa: karayar cinya, fashewar kai, ƙirjin da sitiyari ya daka. Sau da yawa wanda ya fi jin jiki ko ɗigo bai sha ba, fasinja ne ko mai tafiya a gefen titi. Shi kuwa direban, in ya farfaɗo, maganarsa ba ta sauyawa: "Ai ban bugu ba, kwalba biyu kawai na sha." Wallahi wannan magana ta ishe mu.

Ɗan'uwa, wa ya gaya maka ba ka bugu ba? Kai ka gaya wa kanka. Alhali abin da giya ke fara lalatawa shi ne hankalin da kake auna kanka da shi. Tun kafin ƙafa ta fara tangaɗi, tun kafin harshe ya yi nauyi, ido ya daina lura da gefen hanya, ƙafa ta fara jinkirin taka birki, tsoro kuma ya tafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Jinkirin daƙiƙa ɗayan nan ya isa ka bi ta kan mutum kafin ka taɓa birki.

Kada kuma ka ce ka saba. Sabo yana ɓoye alamun maye ne a idon mutane, ba ya rage giyar da ke cikin jini.

Shi ya sa doka ta daina tambayar direba yadda yake ji, ta koma awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyaka kada ta wuce giram 0.05 na barasa a mililita 100 na jini, ga matasa da sabbin direbobi kuwa 0.02, kuma haɗari yana ƙaruwa sosai tun daga 0.04. Suwidin na kan 0.02, Ingila da yawancin jihohin Amurka na kan 0.08. Lura dai, iyakar nan mizanin hukunci ce, ba izinin sha ba.

Na'urar gwajin numfashi, wadda Robert Borkenstein ya ƙera a Amurka a 1954, aikinta a fili yake. Barasar jini tana fita ta huhu, don haka jami'i zai sa sabon bututu ya ce ka hura dogon numfashi ba yankewa, saboda iskar can ƙasan huhu ake so. Akan jira minti 15 zuwa 20 bayan kurɓar ƙarshe, don ragowar da ke baki kada ta ɗaga lamba. In gwajin bakin hanya ya nuna ka haura, sai a maimaita da babbar na'ura a ofishin 'yan sanda ko a ɗebi jini. Cingam da goge baki wari kawai suke rufewa. Maganin kurkure baki ma wani yana da barasa a ciki, ƙara maka lamba zai yi.

Ga inda mutane suka fi yaudarar kansu. Kofi ba ya fitar da giya, wanka da ruwan sanyi ba ya fitar da ita, amai ma ba ya cire wadda ta riga ta shiga jini. Hanta ce ke yin mafi yawan wannan aiki, kuma ba ta sauri: kimanin 0.015 take ragewa a awa. Wanda ya kwanta ƙarfe biyun dare da 0.15 a jininsa, ƙarfe bakwai na safe yana nan wajen 0.075, bai sauko ƙasa da 0.05 ba. Ya yi barci, ya yi wanka, ya ɗauki yara zuwa makaranta, yana cewa ya warware. Bai warware ba!

Hukunci ya danganta da ƙasa, amma tara, ƙwace lasisi da ɗauri su ne aka fi yi. A Ingila ana hana mutum tuƙi aƙalla shekara 1, ga tarar da ba ta da iyaka, ga yiwuwar ɗaurin wata 6, in kuma ya kashe rai ɗaurin na iya kaiwa rai-da-rai. Ƙin hura na'urar ma laifi ne mai hukunci makamancin wannan. A wasu ƙasashe ana liƙa wa motar mai laifi na'urar da ba ta barin inji ya tashi sai ya hura.

Ba mu son ganinka a kan gadon nan, mun fi son ka isa gida lafiya. Don haka:

- Ka yanke shawarar yadda za ka koma tun kafin kurɓar farko.
- Ka bar mota, ka hau ta haya, ko ka kwana inda kake.
- Kada ka haɗa giya da maganin mura, na barci ko tiramol.
- Babur ma tuƙi ne.
- In direba na warin giya, ka sauka. In abokinka ne, karɓe makullin, ko zai yi fushi. In ya ce "ban bugu ba", kada ka tsaya gardama da shi, sa makullin a aljihunka ka nemo masa abin hawa.