Diyyar rauni a wurin aiki: kwanakin da doka ke ƙirga wa ma'aikaci

Idan inji ya datse wa ma'aikaci yatsa a wata masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, ko lebura ya faɗo daga bene a wurin gini, hankalin kowa asibiti yake komawa. Ba mai tuna takarda a wannan lokacin. Sai dai tun daga ranar doka ta fara ƙirga kwanaki, kuma jinkirin biyan diyya da ake kuka da shi yana iya somawa daga nan.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ce ta tsara wannan a Najeriya, hukumar inshorar ma'aikata ta tarayya, wato NSITF, kuma ke gudanar da asusun diyyar. Kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma an hana shi cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Ba sai an tabbatar da laifin maigida ba kafin a biya, raunin dai ya zama ta dalilin aikin ne.

Wanda ya ji rauni, ko iyalinsa idan ya rasu, yana da kwana 14 ya sanar da wurin aikinsa: sunansa, lokaci da wurin da abin ya faru, da irin raunin. A ganina nan ne ya fi cancanta a yi hattara. Mutanenmu suna jin nauyin maigida, musamman idan ya zo dubiya har ya biya kuɗin ɗinki, sai a ce "ai ya sani". A rubuta a takarda duk da haka, a sa kwanan wata, a riƙe kwafi. Rashin sanarwa na iya toshe hanyar diyyar baki ɗaya, sai fa in hukumar ta gamsu da uzurin.

Shi kuma mai kamfani kwana 7 doka ta ba shi ya kai rahoto ga NSITF. Idan rasuwa ce, nan take.

Takardar neman diyyar kanta dole a shigar da ita cikin shekara 1. In akwai dalili na musamman da ya hana, hukumar na iya karɓa har zuwa shekara 3, amma kada a dogara da wannan.

Bayan haka saurin biya ya danganta ne da cikar takardu, musamman rahoton likita da shaidar albashi, da kuma ko kamfanin ya yi rajista tun farko. Wanda hukuncin hukumar bai yi masa daɗi ba yana da kwana 180 ya nemi a sake dubawa, a rubuce, ita ma tana da kwana 180 ta kammala. In har yanzu bai gamsu ba, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.