Ku daina kulle tsofaffi a ɗaki

Jama'ar Tahoua, akwai abin da nake ta gani a gidajen da muke zagayawa, kuma ya isa haka. Tsohuwa ta fara gigin tsufa, tana manta sunan jikokinta, ta ɓoye kuɗinta ta ce an sace, da goshin magariba ta ɗaure zane ta ce gida za ta, alhali tana tsakar gidanta. Sai a tura ta ɗakin ƙurya, a ja ƙofa, a danna kwaɗo. Na sha tarar da kwaryar fura a bakin ƙofa ƙuda na bi, mai furar kuwa tana ciki ƙarƙashin rufin kwano, cikin zafin watan Afrilu, leɓe duk ya tsage. In na yi magana sai a ce, "Malama, to yaya za mu yi? Ɓacewa take yi." Na san kun gaji, wallahi na sani. Amma ku cire kwaɗon nan.

Kwanakin baya wani ɗan cin rani da ke Abijan ya turo wa ƙanwarsa bidiyon wani mutum-mutumi ta WhatsApp, yana tambaya ko a saya wa Inna. Sunan abin Paro, wani injiniyan Japan mai suna Takanori Shibata ne ya ƙera shi da siffar jaririn wata dabbar teku, fari fat, mai laushin gashi. In aka shafa shi sai ya ɗaga kai, ya lumshe ido, ya yi ɗan kuka. Ana ba tsofaffi shi a gidajen kula da su a Japan da Danmak, kuma an ga yana rage wa wasu firgita da tashin hankali. Ba ya warkar da cutar, kuɗinsa kuma ya haura miliyan 3 na sefa.

To ku duba abin da wannan na'ura take yi. Ba ta gardama, ba ta tsawa, ba ta cewa "Inna, sau nawa zan gaya miki?" Tana nan a cinya, ana taɓa ta tana amsawa, shi ke nan. Can an rasa masu zama da tsoho ne aka koma wa na'ura. Ku da kuke da jikoki cike da gida, da surukai, da maƙwabta, ku ne za ku kulle uwa ita kaɗai sannan ku tambayi kuɗin Paro? Haba 'yan uwa.

Ba maita ba ce, ba hauka ba ne, ba kuma da gangan take yi ba. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Kaɗaici da duhu da ƙishirwa ƙara rikita ta suke yi. Wadda aka kulle yau, gobe ihunta ya fi na yau, daga nan sai a je wajen mai tallan magani a sayo ƙwayar barci a ɗura mata, ta tashi da jiri ta faɗi ta karya ƙugu. Duk daga kwaɗo aka fara.

A taƙaice: ku shimfiɗa mata tabarma a inuwa inda ake hada-hada. Ku ba hannunta aiki, tsinkar zogale, ɓarar gujiya, jan carbi. Ku miƙa mata ruwa ko ba ta nema ba. In ta ce gida za ta, kada ku musa, ku ce "To Inna, mu sha fura tukuna," ku ɗan zagaya da ita. Ƙofar waje ake tsarewa, ba ta ɗakinta ba. Ku ɗinke lambar waya a rigarta, ku sanar da 'yan unguwa. Ku raba aikin, kada a bar wa suruka ɗaya ita kaɗai. A riƙa auna mata hawan jini da sukari.

In kuma ruɗewar ta taso farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko ta zo da zazzaɓi ko zafin fitsari, kada ku jira safiya, ku kawo ta likita.