Waiwaye: Yadda Kendall Square Ta Zama Rumbun Harajin Birnin Cambridge

Kendall Square unguwa ce a birnin Cambridge na jihar Massachusetts a Amurka, ba Cambridge ta Ingila ba. Tana bakin kogin Charles, daura da Boston, kuma bango ɗaya suke da jami'ar MIT. A yau kamfanonin magunguna da na manhaja sun cika ta, su Biogen, Moderna, Novartis, Pfizer, Google da Microsoft. Tun da cibiyar bincike ta Brookings da ke Washington ta fitar da rahoton Bruce Katz da Julie Wagner a 2014 kan unguwannin ƙirƙira, wato wuraren da jami'o'i, cibiyoyin bincike da kamfanonin fasaha ke taruwa wuri guda, kusan duk magajin garin da ke son kafa irinta a garinsu da ita yake kafa hujja. Abin da ba a cika bayyanawa ba shi ne ta wace ƙofa kuɗin ke shiga asusun birni. Gine-gine ne ke biyan Cambridge haraji, kuma dokokin jihar ne suka ba ta damar cin moriyarsu haka.

A farkon ƙarni na 20 wurin unguwar masana'antu ne, ana yin sabulu, alewa, roba da kayan ƙarfe. MIT ta ƙauro daga Boston zuwa wannan gaɓar a 1916. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun suka fara watsewa. Kamfanin sabulu na Lever Brothers ya rufe masana'antarsa a 1959, a kan filinsa ne MIT da wani kamfanin gine-gine suka gina rukunin ofisoshi na Technology Square a shekarun 1960.

Yunƙurin gwamnati na farko bai yi nasara ba. A 1964 hukumar binciken sararin samaniya ta NASA ta kafa cibiyar binciken kayan lantarki a Cambridge. Hukumar sake fasalin birni ta karɓe filaye, aka rushe ƙananan masana'antu da wuraren sana'a domin a ba NASA kusan eka 29. Kafin a gama ginin, gwamnatin shugaba Nixon ta soke shirin, aka rufe cibiyar a 1970. Ma'aikatar sufuri ta tarayya ta gaji gine-ginen, wato wurin da daga baya aka sa wa suna cibiyar Volpe. Ta fuskar haraji birnin ya yi biyu babu: ya kori masu biya, filin gwamnatin tarayya kuwa ba a karɓar haraji a kansa, sauran filin ya zauna kango kusan shekara goma. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka zaɓi kamfanin Boston Properties ya fara gina ofisoshi a wurin.

Abin da ya juya akalar unguwar taƙaddama ce a zauren majalisar birni. A 1976 jami'ar Harvard ta shirya gina ɗakin gwaji domin binciken haɗa ƙwayoyin gado na halittu daban-daban. Magajin gari Alfred Vellucci ya ta da jijiyar wuya, yana tsoron a saki wata cuta cikin gari. Aka kira masana suka yi bayani a bainar jama'a, aka dakatar da wasu gwaje-gwaje na ɗan lokaci, aka naɗa kwamitin mazauna gari waɗanda ba masana kimiyya ba su duba lamarin. A farkon 1977 majalisar ta kafa doka, ta farko irinta a Amurka, wadda ta halatta binciken bisa sharuɗɗa. Mutane da yawa sun ɗauka dokar za ta kori masu zuba jari. Akasin haka aka gani. Kamfani ya san abin da aka yarda ya yi, ya san wanda zai ba shi lasisi da wanda zai zo duba shi, a lokacin da sauran garuruwa ba su da amsa ko ɗaya. Biogen, wanda aka kafa a Geneva a 1978, ya buɗe ɗakunan gwajinsa a Kendall a farkon shekarun 1980. Cibiyar binciken kimiyyar halittu ta Whitehead ta zo a 1982.

Daga nan sai abin ya riƙa bin juna. Cambridge Innovation Center ta buɗe a 1999 tana ba ƙananan kamfanoni hayar teburi da ɗaki wata-wata. Novartis ta kawo hedikwatar bincikenta a farkon shekarun 2000, ta gyara tsohuwar masana'antar alewa ta Necco. Cibiyar binciken ƙwayoyin gado ta Broad ta fara aiki a 2004. A 2008 gwamnan jihar, Deval Patrick, ya sa hannu kan shirin dala biliyan 1 na shekara goma domin kimiyyar halittu. An kafa Moderna a 2010. Daga rushe-rushen zamanin NASA zuwa wannan matsayi an ɗauki shekara arba'in da ɗoriya.

Yanzu batun haraji. Birane a Massachusetts ba sa karɓar harajin albashi, ba su kuma da harajin saye da sayarwa nasu na kansu, in ban da ɗan abin da ake ƙarawa kan abincin gidajen cin abinci da ɗakunan otal. Harajin albashin masana da injiniyoyin Kendall da harajin ribar kamfanoninsu jiha da tarayya ke kwashewa. Abin da ya rage wa birni shi ne harajin kadara, wato fili da ginin da ke kansa. Dokoki biyu ne ke tafiyar da shi.

Ta farko gyaran tsarin mulkin jihar ne na 1978, wanda ya ba birane damar raba kadarori aji-aji su ɗora wa na kasuwanci kaso mafi nauyi. Akwai iyaka: ba za a ɗora musu fiye da kashi 175 cikin 100 na abin da za su biya da a ce farashin haraji ɗaya ne ga kowa ba. Ta biyu ita ce Proposition 2½ da masu zaɓe suka amince da ita a 1980. Ta ce jimillar harajin birni ba za ta wuce kashi 2.5 cikin 100 na darajar dukkan kadarorinsa ba, kuma iyakar abin da yake iya tarawa ba za ta ƙaru da fiye da kashi 2.5 a shekara ba. Amma akwai kafa guda: sabon gini ana ɗora harajinsa a kan iyakar. Garin da ba a gini a cikinsa ya maƙale a kashi 2.5, ko da albashin malamai da kuɗin inshorar lafiyar ma'aikata sun haura haka. Garin da ake ta da sabon benen gwaje-gwaje kowace shekara iyakarsa na ta faɗaɗa. Shi ya sa Cambridge ta daɗe tana karɓar ƙasa da abin da doka ta yarda mata, alhali garuruwa da yawa a jihar sai sun je neman izinin masu zaɓe kafin su ƙara.

A shekarar kuɗi ta 2024 gidan zama a Cambridge yana biyan dala 5.92 a kan kowace dala 1,000 ta darajarsa, ginin kasuwanci kuma dala 10.46. A ɗauki benen gwaje-gwaje da aka yi wa ƙimar dala miliyan 500. Harajinsa dala miliyan 5.23 ne a shekara, daidai da na gidaje kusan 880 masu darajar dala miliyan 1 kowanne. Benen kuma ba ya tura yaro ko ɗaya makarantar gwamnati, wadda ita ce ta fi cin kasafin birni. Haka aka kai ga kadarorin kasuwanci suna biyan kusan kashi biyu cikin uku na harajin kadara. Mai gidan da ke zaune a gidansa ana kuma rage masa wani kaso kafin lissafi. Birni mai mutum kusan 118,000 a ƙidayar 2020 kasafinsa ya haura dala miliyan 900 a shekarar kuɗi ta 2025, kuma manyan hukumomin auna bashi uku suna ba shi matsayi mafi girma, abin da ke rage masa kuɗin ruwa idan ya ci bashin gina makaranta ko gyaran magudanar ruwa.

Matsayin MIT ya cancanci a tsaya a kai. Azuzuwa da ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa biyan haraji domin na ilimi ne. Amma jami'ar tana da gine-ginen da take bai wa kamfanoni haya, waɗannan suna biya, har ta zama ita ce mafi girman mai biyan harajin kadara a birnin. Haɗarin a nan shi ne, ranar da ta mayar da benen haya ya koma na karatu, ya fita daga rajistar haraji. Yarjejeniyar da ta ƙulla da birnin a 2004, ta shekara 40, ta tanadi kuɗin da za ta riƙa biya a madadin haraji da ƙarin kashi 2.5 kowace shekara, da kuma kariya ga birni idan aka yi irin wannan sauyi. A 2017 MIT ta ƙulla cinikin filin Volpe mai eka 14 a kan dala miliyan 750, bisa sharaɗin gina wa gwamnatin tarayya sabon ofis a wani ɓangare, sauran ya koma cikin rajistar haraji bayan kusan rabin ƙarni.

Wanda ya ɗanɗana kuɗarsa shi ne ɗan haya. A 1994 ƙuri'ar raba gardama ta jiha ta soke dokar ƙayyade kuɗin haya, daidai lokacin da masu manyan albashi suka fara kwararowa. Ƙaramin haraji gata ne ga mai gida, ɗan haya bai gani a ƙasa ba, kuma mafi yawan gidajen Cambridge 'yan haya ne a ciki. Unguwar The Port, inda gidajen gwamnati na Newtowne Court da Washington Elms suke, tafiyar 'yan mintuna ce da ƙafa daga ɗakunan gwajin, amma aikin da ke ciki digiri yake nema. Birnin ya yi ƙoƙarin ramawa. A 2017 ya wajabta ware kashi 20 cikin 100 na sababbin manyan gidaje ga masu ƙaramin ƙarfi. Kuɗin da mai gina babban benen kasuwanci ke zubawa a asusun gidaje masu sauƙi ya tashi daga ƙasa da dala 5 a kan kowane murabba'in ƙafa kafin 2015 zuwa fiye da dala 33 a 2022. Matakan sun yi kyau, sai dai sun zo bayan farashin fili ya riga ya yi sama, don haka kowace dala gida kaɗan take saye.

Akwai kuma raunin da ke cikin lissafin kansa. Ana yi wa benen kasuwanci ƙima ne bisa hayar da yake kawowa, bayan an cire ɗakunan da babu kowa da kuɗin kula da shi. Daga 2022 kuɗin ruwa ya tashi, jarin da ke shiga ƙananan kamfanonin magunguna ya ja baya, ga shi an gina ɗakunan gwaji fiye da buƙata a duk yankin Boston. Ɗakuna marasa 'yan haya suka ƙaru. Ƙimar ba ta faɗuwa nan take, saboda ana lissafi ne da darajar ranar 1 ga Janairun da ya gabata, kuma yarjejeniyar haya kan kai shekara goma ko fiye. Idan ta faɗi, buƙatar birni ba ta raguwa. Za a iya ɗaga farashin harajin kasuwanci har zuwa iyakar kashi 175, abin da ya saura kuma masu gidaje ne za su ɗauka. Boston ta riga ta kai wannan iyaka: a 2024 magajiyar gari Michelle Wu ta nemi majalisar jiha ta yarda ta zarce ta na ɗan lokaci, ƙudurin ya mutu a majalisar dattawan jihar a watan Disamba, harajin gidajen Boston ya tashi a shekarar da ta biyo. Cambridge tana da ajiya da sauran sarari a ƙarƙashin iyakar Proposition 2½, amma a shekarar kuɗi ta 2025 ita ma ta ɗaga farashin harajin duka biyun, na gidaje zuwa dala 6.35, na kasuwanci zuwa dala 11.52.