Ɗa'ar aiki a sashen ƙoda: tambayoyin da na gaji da amsawa

Duk shekara ɗalibanmu na nan Zariya, masu koyon likitanci da masu koyon jinya, sai sun yi mini waɗannan. Ga su a rubuce, kowa ya huta.

Malam, ai akwai rantsuwar kama aiki. Darasin ɗa'a na mene ne kuma?

Rantsuwa ba ta raba injin wankin ƙoda, mai tace jinin wanda ƙodarsa ta gaza. Inji ɗaya, mutum uku na jira, wa za ka ɗora? A Siyatil ta Amurka, farkon shekarun 1960, sai da aka kafa kwamiti sukutum a kan wannan.

Ana sayen ƙoda?

A'a. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana, Sanarwar Istanbul ta 2008, matsayar masana dashe na duniya, ma haka. Malaman fiƙihu a taron Jidda na 1988 sun halatta dashen sassan jiki, sun haramta cinikinsu. Mai ja ya tuna hukuncin ɗaurin da aka yanke wa Sanata Ekweremadu a Landan, 2023, kan kai wani matashi don a cire masa ƙoda.

'Ya'yan majinyaci sun ce kar a faɗa wa Baba halin da yake ciki, za su sayar da gona a ci gaba da wanki. Ya zan yi?

To, nan ne gizo ke saƙa. Ciwon na Baba ne, gonar ma wataƙila tasa ce, shi ya fi kowa haƙƙin sani. Amma ba za ka faɗa ɗaki ka yanke masa ƙauna a gaban sirikai ba. Ni nakan ja babban ɗan gefe, mu yi lissafi a takarda: in ƙodar ta gaza gaba ɗaya, wanki sau uku ne a mako, wajen awa huɗu kowane zama, kuma ba warkarwa yake yi ba. Gonar wata nawa za ta kai? In ko ƙodar tsayawa ta yi farat ɗaya, kamar bayan zubar jinin haihuwa, tana iya farfaɗowa, lissafin ya canza. Sannan in tambayi dattijon, "Baba, in yi maka bayani, ko in yi wa babban ɗanka?" Wani ya ce faɗa mini, wani ya ce Allah ya sani, yi da yaran. Duk zaɓinsa ne. Ƙarya dai kar ka yi masa. In ka rikice, ba abin kunya ba ne, nemi na gaba da kai.

Ƙanen majinyaci ya ce ya yarda zai ba da ƙoda.

A gaban wa ya faɗa? Fitar da kowa, rufe ƙofa, ka sake tambaya.

Zan iya sa hoton majinyaci a WhatsApp don neman taimako?

Ka tambaye shi? Koma ka tambaya.