Giyar ma'aunin gudu da silin mai a tsofaffin motocin soja

Ma'aunin gudu na tsofaffin motocin soja ba ya aiki da lantarki, juyi ne ake kai masa ta waya. Wani Bajamushe, Otto Schulze, ya yi rajistar wannan fasaha a shekarar 1902, kuma ita ce ke cikin motoci irin su Willys MB da GMC CCKW na Yaƙin Duniya na Biyu, da Dodge M37 da aka ƙera daga 1951 zuwa 1968, da tsofaffin Land Rover na sojan Birtaniya.

A motar da tayoyinta na gaba da na baya duk suke ja, yawanci ana ɗauko juyin ne daga akwatin raba ƙarfi da ke bayan giyabos, kusa da inda farfelar baya, wato sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, take fita. Wata giya mai haƙora a murɗe tana kan shaf ɗin da ke juya farfelar, tana juya wata ƙarama da ke kwance a gicciye. Bakin wayar mai kusurwa huɗu yana shiga ramin ƙaramar giyar, wayar ta bi cikin rigarta har dashbod, inda take juya maganaɗisu. Shi kuma ya ja wani ɗan kofin alminiyam mai ɗauke da allura, siririn sifirin yana riƙe ta. A yawancin motocin Amurka wayar tana juyi 1000 a kowane mil. Shi ya sa duk wanda ya sauya girman taya bai sauya yawan haƙoran ƙaramar giya ba, allurarsa za ta riƙa yi masa ƙarya.

Idan allura tana rawa, wayar ake fara duba. A zare ta, a wanke, a shimfiɗa a ƙasa a mirgina. In tana tsalle a wani wuri, ta lanƙwashe, sai sabuwa. Ana shafa mata giris mara kauri ko man garafait a kashi biyu cikin uku na ƙasa kawai, don kada ya hau cikin agogon, wato ma'aunin gudun. A tsofaffin Land Rover kuwa, matsin notin bakin farfela ne kaɗai ke riƙe babbar giyar, da ya saki sai ta riƙa zamewa, allura ta yi ta sama da ƙasa alhali waya lafiya lau take.

Sil, wato zoben da ke hana mai tsiyayewa, biyu ne a wannan wuri. Ƙaramin yana kan giyar waya. In ya mutu, murɗin wayar yakan janyo mai har cikin agogo, allura ta yi nauyi. Babban yana bakin shaf, kuma matsalarsa ta fi muni, domin a Willys da M37 da Land Rover birkin hannu a jikin akwatin raba ƙarfi yake. Mai na jiƙa shi, mota ba za ta tsaya a gangara ba.

Silin zamanin dā da fata ake yi, wani lokaci da zoben ulu mai tare ƙura, kuma sai an jiƙa na fatar a mai kafin a saka. Na yanzu robar naitiril ce mai jure zafi kusan digiri 100 na Salshiyas, ko robar Viton mai kai kusan 200. Leɓen sil da sifirin ɗinsa suna fuskantar ɓangaren da mai yake. A shafa wa leɓen mai, a buga shi a miƙe da bututu daidai faɗinsa. Guduma kai tsaye tana karkatar da shi.

Sau da yawa sil ba shi da laifi, kuma a nan gyara yake lalacewa. Shekaru na juyi sukan sa leɓen ya ci rami a wuyan ƙarfen da yake gogawa. In farce ya maƙale a ramin, sabon sil ba zai daɗe ba, sai an sa siririyar rigar ƙarfe irin Speedi-Sleeve ko an sauya wuyan. Boris da ya yi lako-lako yana girgiza shaf ya buɗe leɓen. Ga kuma ɗan hucin iska da ke saman akwatin, wanda laka ko fenti kan toshe (motocin soja sun sha fenti a kan fenti), sai iska mai zafi ta turo mai waje ta inda ya fi rauni. Mai yakan kuma bi ta tsagogin shaf ya fito ta ƙarƙashin noti, maganinsa ɗan gam ɗin gaskit a bayan wosha.

Ana zuba wa akwatin raba ƙarfi man giya mai kaurin SAE 90 har ya kai bakin ramin zubawa, mota tana tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri. Inda akwai sassan tagulla a ciki, an fi son man giya mai lambar GL-4, saboda sinadarin farar wuta da ke cikin wasu man GL-5 yana cin tagulla idan ya yi zafi.