Wasan lig na kurket a ƙauyukan Ingila

Kurket wasa ne na ƙwallo da sanda. Wasan lig na kurket na ƙauye karawa ce ta yini ɗaya tsakanin ƙungiyoyi biyu na 'yan sa-kai, kowacce da mutum 11, wadda ake yi a ƙauyukan Ingila da Wales da wasu sassan Sikotland. Galibi ranar Asabar ake yin ta, daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Satumba, lokacin da yini ke da tsawo a can. Yawancin 'yan wasan ba a biyan su ko kwabo. Su ne ma ke cire kuɗi daga aljihunsu, na rajistar shekara da na kowane wasa. Abin da ya raba wannan karawa da wasan sada zumunci na ranar Lahadi shi ne maki: sakamakon kowace Asabar yana shiga teburin lig, a ƙarshen kaka kuma wasu su haye rukuni na sama, wasu su faɗo.

Asali

A karkarar kudu maso gabashin Ingila kurket ya taso, a yankunan Kent da Sussex da Surrey. Shaida mafi daɗewa da masana suka amince da ita ta fito ne daga wata shari'ar fili da aka yi a Guildford a 1598, inda wani mai suna John Derrick ya ce shi da abokansa sun yi wasan a filin suna yara, wajajen 1550. An rubuta dokokin farko da suka iso mana a 1744. Kafin a kafa kulob ɗin Marylebone a Landan a 1787, wanda har yau shi ke riƙe da dokokin wasan, babu ƙungiyar da ta kai ta ƙauyen Hambledon da ke Hampshire ƙarfi. A 1777 'yan wasanta sun lallasa zaɓaɓɓun Ingila baki ɗaya a Sevenoaks.

Lig kuwa baƙo ne idan aka kwatanta da shekarun wasan, kuma daga yankunan masana'antu ya zo. Ma'aikatan masaƙu da mahaƙar kwal rabin yinin Asabar kaɗai suke samu, don haka suna son wasan da za a fara a gama kafin duhu, a san wanda ya ci. Aka kafa lig ɗin Birmingham a 1888, na Lancashire a 1892, na Bradford a 1903. Ƙungiyoyin arewa sun saba ɗauko ƙwararre ɗaya su biya shi. Mafi shahara shi ne Learie Constantine ɗan ƙasar Trinidad, wanda ya yi wa garin Nelson wasa daga 1929 zuwa 1937, suka ɗauki lig sau bakwai a kakanni tara. Manyan kulob na kudu sun daɗe suna ƙyamar wannan tsari, suna ganin neman maki da kofi zubar da mutuncin wasa ne. Sai a 1968 aka fara gasar Surrey, daga nan lig ya bazu cikin sauri har ƙananan ƙauyuka. Wato a kudu, yawancin lig ɗin da ake yi wa kallon al'adar kaka da kakanni ba su girmi dattawan da ke zaune a bakin fili ba.

Fili da tsarin wasa

Filin faffaɗan dandali ne na ciyawa, sau da yawa a tsakiyar gari, kusa da coci da mashaya. A tsakiyarsa akwai wani ziri mai tsawon yadi 22, kimanin mita 20, wanda ake aske ciyawarsa ƙwal a daddanne shi da rola. A kowane ƙarshen zirin ana kafa turaku uku, a ɗora 'yan itatuwa biyu a kansu. Wannan shi ne wiket. Mai jifa yana neman ya buge shi da ƙwallon fata mai tauri, mai nauyin giram 160 ko kusa da haka, mai bugu kuma yana kare shi da sanda mai faɗi ta itacen wilo, yana neman maki.

Masu bugu biyu ne a fili a kowane lokaci. In ɗaya ya buga ƙwallo suka yi musayar wuri da gudu, maki ɗaya ke nan. In ƙwallon ta gangara ta tsallake iyakar fili, maki 4. In ta tsallake a sama ba ta taɓa ƙasa ba, maki 6. Jifa shida shi ne oba ɗaya, daga nan wani mai jifa ya karɓa daga ɗaya ƙarshen zirin. A lig ɗin ƙauye kowace ƙungiya tana samun zango ɗaya na oba 40 zuwa 50, ko har a fitar da mutum goma daga cikin masu bugunta. Ana fitar da mai bugu in an buge wiket ɗinsa, ko an cafke ƙwallon da ya buga kafin ta taɓa ƙasa, ko an karya wiket yana gudu bai kai layin da ke gaban wiket ɗin ba, ko ya tare da ƙafarsa ƙwallon da ta nufi turaku.

Filayen ƙauye ba su san ma'auni ba. Wani yana da gangara, wani hanya ta ratsa gefensa, wani akwai itace tsaye a cikinsa, sai ƙungiyar gida ta yi tata ƙa'idar kan makin da za a ba wanda ya buge shi. Kyaftin ɗin gida yakan yi wa baƙi bayanin irin waɗannan kafin a jefa kwandala don a san wanda zai zaɓi fara bugu ko jifa. In aka narka ƙwallo ta faɗa cikin shinge ko gonar maƙwabta, wasa ya tsaya, a ga mutum biyar ko shida cikin fararen kaya sun sunkuya suna tona ciyawa da ƙafa, har da masu bugun da ake neman fitarwa, domin ƙwallo tana da tsada kuma 'yan kaɗan ne a jaka.

Alƙalanci

Doka ta tanadi alƙalan wasa biyu. A manyan rukunoni lig ne ke turo su. A ƙananan rukunoni kuwa, inda yawancin ƙungiyoyin ƙauye suke, sau da yawa ba a samun ko ɗaya, sai 'yan ƙungiyar da ke bugu su riƙa karɓa-karɓa suna sa farar rigar alƙali. A nan ne wasan ya fi gwada hali. Masu jifa za su ɗaga murya suna neman a fitar da mai bugu saboda ya tare ƙwallo da ƙafa, wanda zai yanke hukuncin kuma abokin wasansa ne, wataƙila ma a mota ɗaya suka zo. In ya ɗaga yatsa ya fitar da nasa, in ya ƙi baƙi su ce ya yi son kai. Babu bidiyo, babu ɗaukaka ƙara. Yawancin gabar da ke tsakanin ƙauyuka maƙwabta daga irin wannan hukunci take tasowa, kuma takan yi shekaru ana tuna ta. Duk da haka tsarin yana tafiya, saboda kowa ya san za a sake haɗuwa a filin ɗaya ƙungiyar kafin kaka ta ƙare.

Masu rubuta maki biyu ne, ɗaya daga kowane ɓangare, suna zaune kafaɗa da kafaɗa suna gwada lissafi bayan kowane oba. Yanzu ana shigar da sakamako a shafin Play-Cricket na hukumar kurket ta Ingila da Wales, wadda aka kafa a 1997, amma a filaye da yawa har yau wani yaro ne ke rataya lambobin kwano a jikin baƙin allo.

Shayi

Tsakanin zango biyu ana hutun kusan rabin awa, bisa al'ada ƙungiyar gida ta ciyar da kowa: shayi, burodi mai haɗi, kek. Ana yi wa ƙauyuka suna da kyan shayinsu ko rashinsa kamar yadda ake yi musu da ƙarfin jifa. Annobar korona ta dakatar da al'adar a 2020, kuma a ƙarshen shekarar ƙungiyoyin lig ɗin Sussex suka kaɗa ƙuri'ar cire wajibcinta. Hayaniyar da ta biyo baya ta kai jaridun ƙasa, aka sake ƙuri'a, aka maido da shayi. Masu son a cire shi ma suna da hujja: aikin yakan faɗa ne kan mutum biyu ko uku, galibi mata da iyayen 'yan wasa, kowace Asabar.

Maki da ruwan sama

Kowane lig da nasa lissafin. Akwai makin nasara, akwai na ƙari da ake samu gwargwadon abin da aka ci da yawan waɗanda aka fitar, yadda ko wanda aka doke zai iya komawa gida da wani abu. Wasu lig suna barin canjaras: ƙungiyar da ke bugu ta biyu, in ta ga ba za ta kamo ba, sai ta toshe ta ƙi bari a fitar da mutanenta duka. Masu ra'ayin tsohon yayi suna ganin nan gwaninta take, matasa kuma suna ganin ɓata yamma ce. In ruwa ya katse wasa, manyan rukunoni suna amfani da lissafin Duckworth da Lewis, wanda ke sake tsayar da makin da masu bugu na biyu za su nema, ƙanana kuma da matsakaicin makin kowane oba, ko a soke a raba maki.

Haɗa mutum 11

Babban aikin kyaftin ɗin ƙauye yakan ƙare kafin a jefa ƙwallon farko. Daga Laraba zuwa daren Juma'a yana kan waya yana neman cikon na goma da na sha ɗaya, saboda wani ya tafi biki, wani aiki ya riƙe shi. Shi ya sa ake ganin ɗan shekara 14 da dattijo mai shekara 60 a ƙungiya ɗaya, uba da ɗa ko uba da 'yarsa. Ƙungiyar da ta kasa fitar da mutane takan rasa maki, in abin ya yawaita a cire ta daga lig. Wasan da ke cin awa shida ko bakwai yana wa masu iyali wuya, ga tsadar gidaje da ke korar matasa daga ƙauyuka, don haka ƙungiyoyi da dama sun haɗe ko sun rufe. Wasu kuma 'yan asalin Pakistan da Indiya da Bangladesh da Sri Lanka da ke zuwa daga garuruwan kusa ne suka tsamo su. A 2018 hukumar kurket ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wasan sa-kai a ƙasar 'yan asalin kudancin Asiya ne.

Kofin ƙauyuka

Ban da lig, akwai kofin ƙauyuka na ƙasa da mujallar The Cricketer ta ƙirƙiro a 1972, na sili-ɗaya-ƙwale, oba 40 kowane ɓangare, ana yin wasan ƙarshe a filin Lord's da ke Landan. Da farko sai ƙauyen da mutanensa ba su wuce 2,500 ba ke shiga, daga baya aka ɗaga adadin. Troon ta Cornwall ce ta ɗauki na farko, ta sake ɗauka a 1973 da 1976. A 1985 Freuchie, wani ƙaramin ƙauye a yankin Fife na Sikotland, ta kara da Rowledge ta Surrey, kowacce ta tashi da maki 134, aka ba Freuchie kofin saboda mutanenta da aka fitar ba su kai na Rowledge yawa ba.